Sandar da Guguwa Ya Saki

A cikin 'yan tseren ƙungiyarsu babu wanda ya kai Guguwa daɗewa, kuma babu wanda ya kai shi shiga ƙunci idan aka yabi wani a gabansa. Dogo ne mai faɗin ƙirji, ga fara'a idan ya san ana kallonsa. Ba ya shaye-shaye, ba ya faɗa, bai taɓa makara a wurin atisaye ba. Aibinsa ɗaya ne tak, amma ya ishe shi kaya, wato hassada. Abin takaicin kuma shi ne, wadda ya fi yi wa hassadar ita ce ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, wadda kowa ke kira Auta.

Shi da kansa ya kawo ta filin. Shi ya yi ta yi wa Umma magiya har ta yarda, shi ya koya mata ɗaure takalmin gudu mai ƙusoshi da yadda ake durƙusawa a layin tashi. A wancan lokacin idan ta ci tsere har ƙirji yake bugawa, domin abin da ake cewa shi ne, "Ai ƙanwar Guguwa ce." Sannu a hankali magana ta juya. Wata rana a ƙofar fili wani mai gadi ya tare shi, sai abokin aikinsa ya ce, "Bar shi ya wuce, yayan Auta ne." Guguwa ya yi murmushi ya wuce, amma maganar ta yi ta cin ransa har ya koma gida.

A gidan ma babu sauƙi. Umma tela ce, shagonta na jikin gidan, kuma a falo tana da wata durowa mai gilashi da take ajiye kwanukan baƙi. Da lambobin yabo suka fara shigowa, sai ta kwashe kwanukan ta jera lambobin a ciki. Na Auta suka cika hawa na sama suka gangaro na tsakiya. Na Guguwa 'yan ƙalilan suna ƙasa, kusa da tsohon fulas. Umma ba da wata manufa ta jera su haka ba, inda wuri ya samu ta sa. Amma Guguwa ya daina zama a kujerar da ke fuskantar durowar.

Da zai tsaya ya karanta abin da ake rubutawa a ƙarƙashin hotunan Auta a shafukan zumunta, da ya ji kunyar hassadarsa. Ranar da ya zo na biyar a tseren maza, ya fusata ya yi ƙwallo da kujerar roba har ta tsage, mutane suka rubuta, "Zuciyar maza ke nan, ba ya son faɗuwa." Ranar da Auta ta zo ta ɗaya ta ɗaga hannu tana murna, sai aka bar gudun aka koma kan wandonta, da fuskarta, da jan farcen da ta shafa. Wannan ya ce ba ta da kamun kai. Wancan ya ce kafaɗunta kamar na ƙato, wani kuma ya ce kwalliya ta zo nunawa, kuma ba wanda ya damu cewa maganganun suna karo da juna. Har da masu tambayar wa zai aure ta a haka. To amma Guguwa ba karantawa yake yi ba, ƙirgawa yake yi. Da ya ga tsokacin da ke ƙarƙashin hotonta ya ninka nasa nesa ba kusa ba, sai ya kife wayar, abinci ya fita ransa.

Wata rana ta miƙo masa wayarta, idonta ya yi ja. "Yaya, dubi abin da wannan ya rubuta don Allah."

Ya leƙa a yatsine. "Ke dai ana maganarki. Wasu ko zagin ma ba su samu ba."

Ta yi dariya, don ta ɗauka wasa yake yi.

Shekaru sun fara ja wa Guguwa, gwiwarsa ta hagu ta soma yi masa ƙorafi da safe. Burinsa ɗaya a duniya shi ne ya je babbar gasar ƙasashe ko da sau ɗaya kafin ya rataye takalmi, kuma ya san wannan ce damarsa ta ƙarshe. Auta ta riga ta sami gurbinta a tseren mata. Shi kuwa gudunsa shi kaɗai ba zai kai shi ba. Ƙofa ɗaya ta rage masa, gudun miƙa sanda na haɗaka, inda maza biyu da mata biyu ke karɓar sanda daga juna har ta kai layin ƙarshe. Guguwa ne na uku, Auta ce ta ƙarshe. An ba ƙungiyoyi dama biyu su nemi gurbi, wanda ya rasa duka biyun sai kallo a waya.

Kocinsu wani dattijo ne mai furfura, da usur a wuya da muryar da ta dishe saboda ihu. Kullum kafin atisaye sai ya maimaita musu karatu ɗaya har sun haddace.

"Mai karɓa makaho ne," in ji shi. "Da ya ga ɗan'uwansa ya taka alamar da aka liƙa a ƙasa, sai ya juya ya tashi da iya ƙarfinsa. Daga nan babu waiwaye, wanda ya waiwaya ya rage gudu. Kai mai kawowa, kai ne mai ido. Kai za ka ce 'hannu', ya miƙo shi baya, ka dasa sandar a tsakiyar tafinsa. Kuma ba za ka saki ba sai ka ji ya fizge."

A wannan fannin babu kamar Guguwa da Auta. Ta san muryarsa tun tana goye, shi ma ya san takunta. Sanda na wucewa tsakaninsu kamar ana miƙa gishiri a kan tabarma, har sauran 'yan ƙungiya na tsayawa kallo.

Ranar dama ta farko fili ya cika maƙil. Aka harba bindigar tashi, na farko ya miƙa wa ta biyu, ta biyu ta miƙa wa Guguwa. Ya karɓa ya shiga kwana, kuma wallahi bai taɓa gudu irin na ranar ba. Ya wuce wannan, ya wuce wancan, ya fito gaba da kowa. A daidai lokacin sai 'yan kallo suka ɗauki kira da murya ɗaya. Ba sunansa suke kira ba, Auta suke kira, ita da ko motsawa ba ta yi ba tukuna.

Wani abu ya soke shi a ƙirji. Ni ke gudu, ita ake kira? Ya ɗaga kai ya dubi 'yan kallon da harara. Kallon bai fi ƙiftawar ido ba, amma da ya dawo da idonsa, Auta ta riga ta tashi, kuma sun kusa layin da ba a yarda a wuce shi ba a miƙa ba. Ya ruɗe, ya ce "hannu", ya tura sandar ya saki. Bakin sandar kawai ya shafi yatsun Auta. Ta faɗi ƙasa, ta yi tsalle ta gangara layin wasu. Auta ta damƙe iska, ta yi 'yan taku, ta tsaya tana kallon tafinta.

Koci yana can ɗaya ƙarshen filin, bai ga komai da kyau ba. Ya iso yana haki. "Me ya faru?"

"Na dasa mata," in ji Guguwa. "Na ji ta fizge, Koci. Da hannuna na ji."

Koci ya dubi Auta. Ta dubi yayanta, ta sunkuyar da kai.

Kafin su bar fili 'yan jarida suka yi wa Guguwa zobe. Tunda yake ba a taɓa cusa masa makirufo da yawa haka ba. Wani ya ce, "Ka kawo sanda kana gaba da kowa. Yaya kake ji da aka yi asarar wahalarka?"

Gaskiya na kan harshensa, kalma kaɗan ce. Amma daɗin kyamarorin ya fi ƙarfinsa. Ya sauke numfashi, ya yi fuskar tausayi, ya ce, "Ni dai na yi nawa. Sai haƙuri. Kun san mata, idan taro ya yi yawa..." Bai ƙarasa ba, ya ɗaga kafaɗa.

Kyamarar da ta ɗauki tseren daga gaba take, don haka abin da duniya ta gani shi ne buɗaɗɗen hannun Auta da sanda tana faɗuwa. Kafin yamma wani ya yanko hoton hannun, ya ƙara girmansa, ya zagaye jan farcen. Daga nan aka yi mata ca. Aka ce dogayen farata ta liƙa, alhali kafin kowane tsere sai ta yanke faratanta har nama. Aka ce da namiji aka miƙa wa da ba ta faɗi ba. Aka ce ta koma kicin. Kamfanin da ke ba ta takalma ya sauke hotonta daga shafinsa ba tare da ya ce mata komai ba. A makon nan wani ɗan tsere namiji na wata ƙungiya ya yar da sanda shi ma, abin da aka rubuta masa shi ne, "Tsautsayi ne, gwarzo, gobe ma rana ce."

Maganar ta bi Umma har shago. Mace za ta zo awon riga, ana cikin awo sai ta ciro waya ta ce, "Wai kin ga abin da ake cewa a kan 'yarki kuwa?" Umma ta jure har ta gaji. Ran nan ta tsayar da keken ɗinki ta kira ɗanta.

"Kai ne babba, kuma kai ka ce in ba ka ita. Yarinyar nan ba ta ci, ba ta barci. Ka fito ka ce wani abu mana."

"Umma, in na yi magana ƙara hura wutar zan yi. A bar shi, zai wuce."

"Zai wuce ta kan wa?" in ji Umma. Ya sosa ƙeya ya fita.

Gaskiyar magana ita ce Guguwa ba ya so ya wuce. Yana jin kunya, musamman idan ya ji Auta na jan hanci a ɗakinta, amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani daɗi da ya daɗe yana nema. Yanzu shi ake tausayi, shi ake kira gwarzo. Ya fara karanta tsokaci ɗaya bayan ɗaya, shi da ba ya karatu. Ya ci karo da wani da ya ce, "An haɗa zaki da 'yar kwalliya, dole a yi asara." Ya karanta, ya sake karantawa, sai ya danna alamar so, da shafinsa mai ɗauke da sunansa da hotonsa.

Washegari da safe ya tarar da Auta a bakin ƙofa tana ɗaure takalmi. Ta ɗago wayarta ta nuna masa.

"Yaya, wannan kai ne?"

Ya sha jinin jikinsa. "Yatsa ne ya zame."

"Yatsunka sun cika zamewa kwanan nan." Ta ajiye wayar a hankali. "Tafina ne, Yaya. Na san abin da ya shiga cikinsa da abin da bai shiga ba. Na yi shiru a gaban Koci ne don na zaci kunya ce ta kama ka, in ka huce za ka faɗa da bakinka. Kullum na tashi sai in ce yau zai faɗa."

Maimakon ya ba ta haƙuri sai ya haɗe rai. "To ke me ya hana ki faɗa? Ai bakinki ba a ɗinke yake ba."

"In na faɗa, cewa za a yi mace ta yar da sanda tana neman wanda za ta laƙa wa. Kai kaɗai za a yarda da maganarka, kuma ka sani." Ta miƙe ta ɗauki gorar ruwanta. "Zan yi maka gudun nan na biyu, don na san abin da yake a wurinka. Mu je kada mu makara."

A wurin atisaye sanda ta ci gaba da wucewa, amma idon Koci ya ga abin da wasu ba su gani ba. Ya busa usur. "Auta, wuyanki na son juyawa." Ta ce za ta gyara. Da aka tashi ya ja Guguwa gefe, ya daɗe yana kallonsa.

"Yarinyar da ba ta taɓa shakkar muryarka ba, yau kafaɗarta na rawa idan ka yi kira. Akwai abin da ya kamata in sani? In akwai, faɗa mini yanzu, ana iya gyarawa."

"Babu komai, Koci. Zagin mutane ne ya firgita ta."

Koci ya gyaɗa kai, ya tattara sandunansa ya tafi.

Ranar dama ta biyu ta zo. Ƙungiyoyi biyun farko kawai za a ɗauka. Wannan karon ba wanda ya kira sunan Auta, sai 'yan ihun tsokana daga sama, wani ma ya ɗaga kwali da aka zana farce a jiki. Guguwa ya karɓi sanda ya shiga kwana, bai dubi kowa ba, idonsa na kan bayan ƙanwarsa. Ya taka alama, ta tashi daidai. Ya matso, ya ce "hannu" a kan lokaci, da muryar da ta saba ji. Ta miƙo hannun. Sai kuma ta waiwayo.

Duk shekarun da suka yi suna miƙa wa juna sanda, bai taɓa ganin fuskarta a wannan gurbin ba, ƙeyarta kawai ya sani. Yau ya gani. Ba fushi ne a idonta ba, tsoro ne, tana son ta gani da idonta ko da gaske sandar na zuwa. Waiwayen ya rage mata gudu har ya kusa taka mata diddige. Ya dasa sandar, ta fizge, ta yi gudu kamar ranta zai fita. Ta kamo ɗaya, ta kusa kamo ta biyu, layi ya ƙare. Suka zo na uku, da tazarar da ba ta kai faɗin tafin hannu ba.

Guguwa ya zauna daɓas a kan layi. Babbar gasa ta tafi, kuma ya san ba gwiwarsa ce ta hana shi ba. Koci ya zo ya tsaya a kansa, ya ce, "Ba ita ta waiwaya ba, ɗana. Kai ka juya mata wuya." Bai jira amsa ba ya wuce wurin Auta.

Aka sake yi mata rubdugu, wanda ya fi na farko. Wannan karon Guguwa ya karanta, kuma kowace kalma sai da ta ƙona shi. Ya shiga falo da rana tsaka, ya jingina waya a kan tebur, ya ɗauki kansa bidiyo. Ya faɗi komai, hararar da ya yi wa 'yan kallo, sakin da ya yi kafin ta riƙe, ƙaryar da ya yi wa Koci, da maganar da ya yi wa 'yan jarida. Ya ce hassada ce, ya ambace ta da sunanta. Ya saki bidiyon ya zauna yana jiran zagi.

Zagin bai zo ba. "Namijin duniya, ya ɗauki laifin ƙanwarsa ya ɗora wa kansa," in ji na farko. "Allah Ya ba mu yaya irin wannan," in ji na biyu. Wani ya ce, "Dubi yadda ta sa bawan Allah yana yi wa kansa ƙarya." Guguwa ya shiga yana rantsuwa cewa gaskiya ya faɗa, amma duk rantsuwar da ya yi sai yabon ya ƙaru. Mabiyansa suka ninka, tsokacin da ke ƙarƙashin bidiyon ya zarce duk wanda Auta ta taɓa samu. Abin da ya yi shekaru yana nema ya zo masa har gida, ya kalli adadin ya kife wayar.

Auta ta rufe shafukanta duka. Ta gaya wa Koci za ta je babbar gasa ta yi tserenta ita kaɗai, amma ita da miƙa sanda har abada. Ranar da za ta tafi sansanin horo, Umma ta rako ta bakin ƙofa tana ta yi mata addu'a. Guguwa ya fito ya tsaya tsuru-tsuru.

"Auta, kin ga bidiyon?"

"An nuna mini."

"Na faɗa musu gaskiya. Wallahi na faɗa, sun ƙi yarda. Ki yafe mini."

Ta dube shi, babu harara babu murmushi. "Na yafe maka, Yaya, don ba na son in tafi da nauyi. Amma ka ga, har gaskiyar ma kai ta yi wa ado. Ranar da za ta amfane ni, ranar ka riƙe ta."

Ya kai hannu zai ɗaukar mata jaka zuwa mota. Ta riga shi, ta saɓa ta a kafaɗa.

"Bar shi," ta ce. "Zan iya."

Ya tsaya a ƙofar har motar ta sha kwana. Umma ta koma shago, can sai ya ji ƙarar keken ɗinki.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Hassada ba ta tsayawa a kan wanda ake yi wa, sai ta dawo ta cinye mai yin ta, kuma abin da take fara ci shi ne amanar da ke tsakaninsa da na kusa da shi. Gaskiya kuma tana da lokacinta, wanda ya riƙe ta ranar da ake bukatarta zai iya fito da ita daga baya ya tarar ba ta da sauran amfani. Mu kuma masu riƙe da waya kada mu wanke kanmu, domin Guguwa bai ƙirƙiri komai ba, ya dai san tun farko wa za mu zarga, ya fake a bayanmu. Kafin ka rubuta wa 'yar wasa magana, tambayi kanka ko haka za ka rubuta da namiji ne ya yi abin da ta yi. In amsar a'a ce, to ka ɗauke yatsanka.